Bolt, amfer, om da wat: tambayoyin da ake yawan yi mini a shago

Na jima ina aikin wutar lantarki a Maradi, kuma tambayoyin da ake kawo mini kusan iri ɗaya ne, bakin mai tambayar ne kawai ke canzawa. Yau yaron shago, gobe ɗalibin lise da jarrabawa ta matso, jibi magidanci da ya sayi fanon hasken rana da batir amma har yanzu yana kwana cikin duhu. Na tara su a nan da amsoshinsu. Lambobin da ke da guntu na rubuta su da waƙafi yadda ake koyarwa a makarantunmu, wato 2,5 na nufin biyu da rabi.

Mene ne bambancin bolt, amfer, om da wat?

Dubi shaton ruwa na unguwa. Tsawonsa shi ke sa ruwa ya fito da ƙarfi a famfo, wannan matsin shi ne bolt. Yawan ruwan da ke wucewa cikin tiyo a kowace daƙiƙa shi ne amfer. Matsatsin tiyo, da tsawonsa, da lakar da ta taru ciki, duk abin da ke hana ruwa wucewa yadda yake so, shi ne turjiya, wadda masu sana'a ke cewa rezistans, kuma da om ake auna ta. Wat kuwa aikin da ruwan ya iya yi ne idan ya fito: matsi da yawa a haɗe.

Sunayen duka na mutane ne. Bolt daga Alessandro Volta na Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800. Amfer daga André-Marie Ampère na Faransa. Wat daga James Watt, mutumin Sikotland mai injin tururi. Om kuma daga Georg Simon Ohm, malamin makaranta Bajamushe, wanda ya buga ƙa'idarsa a 1827. Mutanen ƙasarsa ba su karɓe ta hannu biyu ba da farko, sai daga baya aka san darajarta.

Yaya ake gano turjiya idan an san bolt da amfer?

Ka raba bolt da amfer. R = U ÷ I, inda R ke nufin turjiya, U bolt, I kuma amfer.

Dutsen guga da aka sa a wutar gida ta bolt 220, aka auna yana jan amfer 5, turjiyarsa 220 ÷ 5, wato om 44. Idan turjiya da bolt ka sani, amfer kake nema, sai ka juya: I = U ÷ R. Idan bolt ne babu, U = R × I. Magana ɗaya ce aka faɗe ta ta fuska uku.

Akwai abin da ke rikita yara a nan. Wanda ya yi karatu a Lise Teknik Dan Kasawa ko Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya saba da harafin U a matsayin bolt, saboda tsarin Faransanci. Ɗan uwansa da ya yi nasa a Katsina ko Kano zai rubuta V. Na taɓa ganin yara biyu sun kusa cacar baki a kan wannan, kowa na cewa littafin ɗayan ne ya yi kuskure. U da V abu ɗaya ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne na miliamfer. Amfer ɗaya miliamfer 1000 ne. Idan na'ura ta nuna maka miliamfer 20, to 0,02 za ka sa a lissafi, ba 20 ba. Wanda ya manta wannan amsarsa za ta kauce sau dubu.

To wat fa?

Bolt sau amfer. P = U × I, inda P ke nufin wat. Dutsen gugar nan: 220 × 5, wat 1100.

Daga wannan ake fitar da wasu biyu. Idan ka cire U ka sa R × I a madadinsa, sai ka sami P = R × I², inda I² ke nufin I sau I. Idan I ka cire, P = U² ÷ R. Gwada da dutsen guga: 44 × 25 ya ba da 1100. Haka 48400 ÷ 44 ya ba da 1100. Duk hanyar da ka bi gida ɗaya za ka sauka.

Amma cikin ukun nan, wadda nake so yaron shagona ya haddace kamar karatun allo ita ce R × I². Ita ce ƙa'idar zafin waya, wadda James Joule ya gano a Ingila wajen 1840. Amfer ya ninku biyu, zafi ya ninku huɗu. Amfer ya ninku uku, zafi tara. Mafi yawan wayoyin da na gani sun narke, wannan ɗan ƙaramin 2 da ke saman I ne ya narkar da su.

Na auna ƙwan fitila mai wat 60 na sami kusan om 60, lissafi kuma ya ce 807. Wa ya yi ƙarya?

Babu. Lissafin daidai ne: 48400 ÷ 60 ya kai om 807. Na'urarka ma daidai ta faɗa. Abin da ya faru, kai a sanyi ka auna ƙwan. Zaren da ke cikin tsohon ƙwan fitila na ƙarfen tungistin ne, idan ya kama zafinsa ya wuce digiri 2000, kuma ƙarfe yana ƙara turjiya in ya yi zafi. Tsakanin sanyi da zafi turjiyar zaren nan takan ninku sau goma zuwa sha biyar. Shi ya sa irin wannan ƙwan ya fi mutuwa a daidai lokacin da aka kunna shi: zaren yana sanyi, turjiya kaɗan, amfer ya kwararo da yawa a ƙiftawar ido.

Darasin da ke ciki, R = U ÷ I tana ba ka turjiyar abu a halin da yake ciki lokacin awo. Ga dutsen guga da butar lantarki bambancin kaɗan ne, domin wayarsu an yi ta da haɗin ƙarfen da bai damu da zafi ba sosai. Ga ƙwan LED, da cajar waya, da talabijin, kada ma ka ɓata lokacinka da awon om. Cikinsu akwai ƴan na'urori da ke sarrafa wutar, ba su bin ƙa'idar kai tsaye. Karanta wat ɗin da aka rubuta a jiki, ko ka auna amfer suna cikin aiki.

In wuta ta zo ba ƙarfi, me ya sa buta ke jinkiri amma firigo ke ƙonewa?

Wannan tambayar tana yawa a watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ya haura digiri 40 kowa ya kunna abin sanyi.

Buta da dutsen guga turjiya ce zalla. Wuta ta sauko daga 220 zuwa 180, turjiya na nan a 44, sai wat ya zama 32400 ÷ 44, kusan 736 maimakon 1100. Bolt ɗin bai rasa ko kashi ɗaya cikin biyar ba, amma kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya tafi. Ba abin da zai lalace, guga ce kawai za ta ɗauki lokaci.

Mota kuwa, ba ta hawa ba, mai juyawar nan da ke cikin firigo ko injin jan ruwa, halinta daban. Nauyin da take juyawa bai ragu ba don wuta ta ragu, saboda haka sai ta nemi cike giɓin da amfer. A lissafi na sama-sama, motar da ke buƙatar wat 440 tana jan amfer 2 a bolt 220. A bolt 176 za ta ja 2,5. Ƙarin rabin amfer kamar ba komai ba, amma koma ga I²: daga 4 zuwa 6,25. Zafin naɗin wayar da ke cikinta ya ƙaru da fiye da rabi. In wutar ta yi ƙasa har motar ta kasa tashi, nan ne ake jin firigo na gurnani yana ƙas-ƙas, kuma a wannan halin amferin da yake ja ya ninka na kullum sau da yawa. Cire shi daga soket, ko a sa masa regilater, na'urar da ke daidaita bolt.

Fanona sabo, batir sabo, amma fitilu na yin ja, fanka na juyawa kamar ba ta so. Ina matsalar?

Sau da yawa waya ce. Bari in ba da misalin wani aiki.

Wani Alhaji mai shagon kayan masarufi ya kira ni, ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, an sayar mini da mataccen batir." Na je na tarar batirin na bolt 12 yana ɗakin ajiya, kayan da yake kunnawa kuma suna gaban shago, tsakaninsu mita goma. An ja siririyar waya mai kaurin milimita murabba'i 1,5, irin ta fitilar gida. Na ɗora multimeta, na'urar awon wuta, a kan batir: 12 da ƴan kai. Na je ƙarshen waya kaya na kunne: bai kai 10 ba. Na ce, "Alhaji, taɓa wayar nan." Ya taɓa ya janye hannu. Na ce, "To ga inda wutarka ke zuwa, bango kake ɗumamawa."

Ga lissafin. Kayansa wat 120 ne. A bolt 12, amfer 10 ke nan. Wayar tagulla mai tsawon mita ɗaya da kaurin milimita murabba'i ɗaya turjiyarta kusan om 0,017 ce. Wuta zuwa take ta dawo, don haka mita goma ta zama ashirin. 0,017 × 20 ÷ 1,5 ya ba da kusan om 0,23. Ƙaramar lamba, wa zai kula ta? Amma 0,23 × 10 bolt 2,3 ne suka zube a hanya, kuma 0,23 × 100 wat 23 ne ke zama zafi. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ya saya da kuɗinsa.

Da wutar gida ce ta 220, kayan wat 120 ɗin nan amfer 0,55 kaɗai za su ja, asarar a wayar ba za ta kai ko bolt ɗaya ba. Wannan ne ke yaudarar masu haɗa wuta da suka saba da aikin gida: wayar da ta wadatar a 220 ba ta wadatar a 12. Muka matso da batir kusa, muka sa waya mai milimita 6. Ko da a mita goman nan ne, turjiyarta om 0,057 ce, asara ta koma wajen rabin bolt. Da yamma ya aiko mini da lemo.

Abu biyu zan ƙara. Na farko, ba duk waya mai launin tagulla ce tagulla ba. Akwai ta sanholo da aka shafa wa tagulla a sama, ba ta da nauyi a hannu, in ka kankare ta da wuƙa sai fari ya bayyana. Turjiyar sanholo ta fi ta tagulla da wajen kashi 60 cikin ɗari, ga shi tana karyewa a wurin ɗauri. Na biyu, ɗaurin da bai kamu ba. Kan batir da ya yi tsatsa ko wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da leda na iya kai rabin om. A amfer 10, rabin om wat 50 ne, duk a wuri ɗaya da bai fi ƙwayar gyaɗa ba. Daga nan gobara ke tashi.

Wanda kayansa suka yi yawa, ya koma tsarin bolt 24. Amfer ya ragu da rabi, asarar waya ta koma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda take a da.

Shi ya sa manyan layuka ke da dubban bolt?

Shi ne. Layin da ke kawo wuta daga Katsina ta Gazawa zuwa Maradi da Damagaram na bolt 132000 ne, wato ya ninka wutar gida sau 600. Don kai wat iri ɗaya, amferin da ake buƙata ya ragu sau 600, zafin da ke ɓata a waya kuma ya ragu sau 600 × 600, wato 360000. Da a 220 za a turo ta tun daga can, da ba ta ƙetare iyaka ba. Taransifoma ce ke sauko da ita mataki-mataki har ta iso unguwa.

Batir mai amfer-awa 100 zai kai ni awa nawa?

Tun da aka yanke wutar da ke zuwa mana daga Najeriya a watan Agusta na 2023, kafin a maido ta a Maris na 2024, mutane da yawa suka shiga harkar batir, wannan tambayar ta zama ruwan dare.

Lambar 100Ah ba amfer ba ce, amfer sau awa ce. Ka ninka ta da bolt: 12 × 100, wat-awa 1200. Batir na dalma, in kana so ya yi maka shekaru, kada ka sha fiye da rabinsa, saura 600. Fitilu huɗu masu wat 10, fanka mai 50, talabijin mai 30, jimla 120. 600 ÷ 120, awa biyar. In ta inbata wutar ke bi, wato na'urar da ke mai da wutar batir irin ta gida, shi ma yana cin nasa kason, ka sa rai da awa huɗu da ɗan abu. Batirin litiyom ana iya shan kaso mafi yawa daga cikinsa, shi ya sa kuɗinsa ya fi.

Da wannan awon ne kontar gida ke ƙirga. Kilowat-awa ɗaya wat 1000 ne na tsawon awa guda. Dutsen guga mai wat 1100 da ya yi awa biyu yana ci ya sha kilowat-awa 2,2.

Me ya sa disjanter, makunnin da ke yanke wutar gida da kansa, ke faɗuwa idan an haɗa guga da buta?

Domin amfer yake ƙirgawa. In naka na amfer 10 ne, iyakarsa 220 × 10, wat 2200. Guga 1100, buta 1500, jimla 2600, wato amfer 11,8.

Ga ɗalibai, a nan ne maganar haɗin turjiya ke shigowa. Kayan gida a gefe da gefe ake haɗa su, kowanne na samun 220 ɗinsa. A irin wannan haɗin turjiya raguwa take, domin an buɗe wa wuta ƙofa ta biyu. Guga om 44, buta wajen om 32,3. Ninka su ka raba da jimlarsu, ka sami 18,6. Raba 220 da 18,6, ga 11,8 ta sake fitowa. In a jere aka haɗa su, ɗaya bayan ɗaya, tarawa kawai ake yi.

Abin da ba na so in ji shi ne "a sa mini babba". Disjanter wayar bango yake karewa. Ka sa mai amfer 32 a kan waya mai milimita 1,5, ka cire mai gadi ka bar ƙofa buɗe.

Yaya ake awo da multimeta?

Bolt ana auna shi gefe da gefe: tsinke ɗaya nan, ɗaya can, ba a yanke komai. Amfer sai an yanke hanya na'urar ta shiga tsakani wutar ta ratsa ta, ko a yi amfani da mai baki kamar ƙaguwa, a kama waya ɗaya tak. In ka kama biyun tare sifiri za ka gani, domin mai zuwa da mai dawowa sun kashe juna. Om kuwa ba a auna shi da wuta a jiki. A kashe, a cire ƙafa ɗaya ta abin daga haɗin, sannan a auna.

Ina yaron shago na taɓa gama awon amfer na manta jan tsinke a ramin 10A, na je na soka a soket don in ga ko akwai wuta. A wannan ramin na'urar kusan waya ce miƙaƙƙiya, turjiyarta ba ta kai ko kashi ɗaya cikin goma na om ba. Raba 220 da wannan ka ga abin da na jawo. Tartsatsi ya tashi, bakin tsinken ya narke, fis ya tafi. Maigidana bai ɗaga murya ba. Ya miƙo mini takarda da biro ya ce, "Ɗana, lissafa mini amfer nawa ka kira." Kuɗin fis ɗin daga ladana na mako ya fita.

Ina so in kunna ƙaramar LED da batirin bolt 12. Wace rezistans zan sa?

Jar LED ƙarama tana riƙe wajen bolt 2, tana son miliamfer 20. Saura bolt 10 dole rezistans ta ɗauke: 10 ÷ 0,02, om 500. A kasuwa 470 da 560 ake samu, ɗauki 560. Sai ka duba zafinta: 10 × 0,02, wat 0,2. Mai rubu'in wat za ta ɗauka amma tana dab da iyakarta, ni mai rabin wat nake sawa. Yara sukan yi lissafin om daidai su manta na wat, sai su dawo da baƙar rezistans a tafin hannu.

An rubuta 1000VA a inbata. Wat 1000 ke nan? Doki kuma fa?

Ba lalle ba. A wutar batir, bolt sau amfer wat ne cif. A wutar gida mai kai da komo sau 50 a daƙiƙa, kayan da ke da mota ko taransifoma suna jan amferin da wani kasonsa ba ya zama aiki, yana zuwa ne ya koma. VA shi ne bolt sau amfer gaba ɗaya, wat kuma abin da ya yi aiki. Yawancin gurup da inbata ana lissafa su da 0,8, don haka 1000VA wajen wat 800 ne, wasu ma ƙasa da haka. Duba takardar da ke jikinsa. Ga guga da buta VA da wat ɗaya ne.

Dokin da ake rubutawa CV a injin ban ruwa na masu lambun bakin Gulbi wat 736 ne, wanda ake rubutawa HP kuma 746. Wannan ƙarfin da injin ke fitarwa ne, abin da yake ja daga wuta ya fi haka, kuma lokacin tashi yakan ja ninki uku zuwa bakwai na amferinsa. Injin doki ɗaya ba ya tashi a kan inbata mai wat 800.

Bolt ke kisa ko amfer?

Amferin da ya ratsa jiki ne ke kisa, amma bolt ke tura shi, turjiyar fata kuma ke yanke yawansa. Busasshiyar fata na iya kai om dubu ɗari. Jiƙaƙƙiya, da gumi ko ruwan alwala, ƙafa ba takalmi a kan danshi, takan sauko wajen om dubu ɗaya. Raba 220 da 100000, miliamfer 2 da ɗan kai, ka ji ja ka janye. Raba 220 da 1000, miliamfer 220. Daga miliamfer 10 zuwa 20 hannu kan kasa sakin waya, abin da ya haura 30 kuma in ya jima yana iya rikita bugun zuciya. Shi ya sa ake sa disjanter na musamman mai miliamfer 30, wanda ke kwatanta wutar da ta tafi da wadda ta dawo, in ya ga giɓi ya yanke nan take.

Batirin mota na iya fitar da ɗaruruwan amfer, amma ka riƙe kawunansa biyu ba ka ji komai ba, domin bolt 12 ba ya iya tura abin kirki ta cikin fata. Sifana ce ba ta da wannan kariyar. In ta faɗa tsakanin kawunan biyu tana yin ja cikin daƙiƙoƙi, haka ma zoben azurfa da ke yatsa. Kafin yarona ya taɓa batir, zobe da agogo na aljihu.